Waƙar da muka kunna a mota ce ta hana mu ganin giwa a Yankari?

"Assalamu alaikum. Ni malamin sakandare ne a Gombe. A hutun Disamba na kai ɗalibaina su 28 Yankari. Da muka fita zagayen daji da yamma, yara suka kunna waƙa a wata 'yar sifika, sai jami'in da ke mana jagora ya ce a kashe, a kuma rage surutu. Yaran sun ji haushi, balle da muka dawo ba mu ga komai ba sai birai da gadu da 'yan gwambaza can daga nesa. Wasunsu suka ce tsanani ne kawai, tunda biran Wikki, masaukin baƙi na dajin, a tsakiyar hayaniya suke zuwa su fizge wa mutum abinci. Shin da gaske ƙara tana cutar da namun daji, ko doka ce kawai ta ma'aikata? Kuma me ya kamata in gyara idan za mu koma?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka maka da alheri da ka fitar da yara daga aji ka kai su daji. Idan na fahimce ka, kana son sanin ko waƙar ce ta kore muku giwa, da kuma ko ƙara tana yi wa dabba lahani na gaske. Game da giwa, waƙar na iya zama da hannu, amma ba za a ɗora mata laifin duka ba, zan zo kan dalili. Game da lahani kuwa, jami'in nan yana da gaskiya, kuma gaskiyarsa ta fi yadda ya samu lokacin yi muku bayani a cikin mota.

Yawancin mutane suna ɗauka illar ƙara ita ce ta firgita dabba ta gudu. Hakan na faruwa. Amma illar da ta fi nauyi ba a ganinta da ido: ƙara tana rufe sautukan da dabba ke rayuwa da su. Mu mun ce gani ya kori ji, to a daji ji ne ke riga gani. Inda gamba ta fi tsayin mutum, inda rabin kowace rana duhu ne, mazo ba ya ganin abin da ke bin sa, jin sa yake yi. Karyewar ɗan tsinke, motsin busasshen ganye, haushin gwaggon biri daga kan itace, kekkewar zabin daji, waɗannan su ne labaransa na safe da na yamma. Duk abin da ya danne su ya rage masa damar kwana da rai.

Dajin da kuka shiga

Yankari na cikin ƙaramar hukumar Alkaleri, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962, ya zama gandun daji na tarayya a 1991, sannan ya koma hannun gwamnatin jihar Bauchi a 2006. Daga ƙofar Mainamaji zuwa masaukin Wikki tafiyar kilomita 40 da 'yan kai ce. Abin da ya shafi tambayarka a tsarin dajin shi ne kogin Gaji. Da rani, idan tafkuna da kududdufai sun ƙafe, dabbobi suna tattaruwa a kwarin Gaji saboda ruwa da ɗanyen ganye, hanyoyin zagaye ma can suka bi. Ke nan a watannin da dabba ba ta da zaɓin wani wurin sha, a nan ne motoci da muryoyin mutane suka fi yawa. Da damina dabbar da aka dama sai ta canja wuri. A Maris ko Afrilu ba ta da inda za ta, sai dai ta jinkirta shan ruwa zuwa dare, ko ta sha a gaggauce kunne a miƙe.

Lissafin ƙara

Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Raɗa tana kai wajen 30, hira tsakanin mutum biyu a tazarar mita ɗaya wajen 60, babur a kusa da kai 85 zuwa sama. Sai dai wannan awo ba kamar na mudu ba ne, inda biyu ya ninka ɗaya. Ƙarin desibel 3 na nufin ƙarfin sautin ya ninka sau biyu. Ƙarin 10 na nufin ya ninka sau goma, kodayake kunnen mutum yana jin sa kamar ninki biyu ne kawai. Shi ya sa janareta biyu masu desibel 70 kowanne, idan aka tayar da su tare, 73 suke bayarwa, ba 140 ba.

Ka riƙe wannan ƙa'ida, domin ita ce ginshiƙin maganar: a fili, duk lokacin da ka ninka nisanka daga abin da ke ƙara, sautin yana raguwa da kimanin desibel 6. Mu ɗauki ƙaramin janareta mai 75 a tazarar mita 7. A mita 14 ya zama 69, a 28 ya zama 63, a 56 ya zama 57, a 112 ya zama 51, a 225 ya zama 45, a 450 ya zama 39, a 900 ya zama 33. Ƙasa da itatuwa da iska suna ƙara cinye wani abu, musamman siririn sautin, amma ka ga inda lissafin ya dosa. A gari, inda hayaniyar unguwa ta kai 50 ko 55, janaretan ya ɓace cikin sauran ƙara kafin ka wuce gida biyar. A daji cikin daren hunturu, inda shiru ke iya sauka ƙasa da 30, ana jin sa kusan kilomita guda. Inji ɗaya ne, wurin ne ya bambanta.

Ƙa'idar nan tana aiki ta ɗaya ɓangaren ma, kuma a nan lahanin yake. Idan ƙarar da ke kewaye da dabba ta ƙaru da desibel 3 kacal, nisan da take iya jiyo wani sauti yana raguwa da kusan kashi 30 cikin 100, faɗin filin da kunnenta ke tsaro kuma ya ragu da rabi. Idan ta ƙaru da 6, nisan ya koma rabi, filin ya koma rubu'i. Idan ta ƙaru da 10, kashi 90 cikin 100 na filin ya tafi. Mazon da ke jiyo taku daga mita 40 sai ya koma jiyo shi daga mita 20, kuma tazarar nan ita ce bambanci tsakanin tsira da zama kalaci. Mai farauta ma yana asara: mujiya da kunne take gano ɓera a cikin duhu, jemage da amsa-kuwwar muryarsa yake kama ƙwari. Wannan lissafi yana aiki sosai ne idan ƙarar da sautin da ake saurare suna kusa da juna a kauri ko siranta, shi ya sa kowace irin ƙara da dabbar da ta fi cuta.

Akwai abu biyu da kowa ya sani a gida amma ba a haɗa su da daji. Na farko, idan ana biki a wata unguwa mai nisa, muryar mawaƙi ba ta iso ka, dum-dum ɗin gangar ne ke ratsa bango ya same ka a kan gado. Sauti mai kauri ya fi tafiya nesa, kuma rurin injin dizal mai kauri ne. Na biyu, kiran sallar asuba daga ƙauyen da ke nesa yana zuwa tar, amma na azahar daga masallaci ɗaya ba ka jin sa. Ba shirun mutane kaɗai ne dalili ba. Da dare ƙasa tana hucewa, iskar da ke kusa da ita ta fi ta sama sanyi, sai sauti ya riƙa lanƙwasowa ƙasa maimakon ya haye sama ya ɓace. Da rana akasin haka ne. To dabbobi da yawa a wannan lokaci suke aika saƙo. Rurin zaki yana kai kilomita 8. Giwa tana da wani gurnani mai kauri ƙwarai, wanda wani sashensa ke ƙasa da kaɗawa 20 a daƙiƙa, inda kunnen ɗan Adam ya tsaya. Katy Payne, wata mai binciken sautin dabbobi, ita ce ta fara lura da shi a 1984 a wani gidan namun daji a Amurka. Da shi garke ke kiran garke daga nisan kilomitoci, kuma nazarin da aka yi a Etosha ta Namibiya ya nuna da maraice da dare ne kiran ya fi nisa. Lokacin da iska ta buɗe wa giwa hanya, lokacin ne ta buɗe wa janareta.

Muryar mutum

Nan ne nake son ka tsaya da ɗalibanka, don na san hujjar da za su kawo: "Ai mun kashe waƙar, hira kawai muke yi." A 2023 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi a yankin Kruger na Afirka ta Kudu. An ɗaura kyamarori da ƙananan lasifika a bakin wuraren shan ruwa da rani. Dabba na zuwa sai na'urar ta kunna ɗaya daga cikin sautuka: gurnanin zaki, haushin karnuka, harbin bindiga, kukan tsuntsu, ko muryar mutane suna hira a natse, duk a ƙarfi ɗaya. Muryar mutum ce ta fi korar su. Yiwuwar dabba ta ruga da gudu ya ninka sau biyu idan ta ji mutum a kan idan ta ji zaki, kuma sun fi saurin barin ruwan da kashi 40 cikin 100. Kusan duk nau'o'in da aka gwada haka suka yi, har da giwa da gadu da kura da damisa. Ba ihu aka kunna musu ba, Malam, magana ce irin wadda kake yi a ofishin malamai.

Giwa ta ma wuce nan. A Amboseli ta Kenya, wani nazari na 2014 ya nuna garken giwaye suna rarrabe muryar namijin Masai, wanda ƙabilarsa ke sukar giwa da mashi idan rikicin kiwo ya haɗa su, da muryar namijin Kamba, manomi da ba kasafai yake taɓa su ba. Idan sun ji ta farko sai su dunƙule su sa 'ya'ya a tsakiya. Muryar mace ko yaron Masai ba ta tayar musu da hankali haka. Giwar Yankari ta sha fama da masu farautar haure shekaru da yawa, ta kuma saba da ihu da bugun gwangwani na manoman da ke korar ta daga gona a ƙauyukan gefen daji. Dabbar da ke da wannan tarihi, idan ta jiyo mutum 28 suna shewa a buɗaɗɗiyar mota, ta shige kurmi tun kafin ku karyo kwana.

Duk da haka kada ka ce wa yara da sun yi shiru da lalle sun ga giwa. Ƙiyasin 'yan shekarun nan bai wuce giwa 100 zuwa 150 ba a faɗin dajin, kuma a garke suke yawo, wani lokaci har su fita iyakarsa. A Disamba ciyawa ba ta gama kwanciya ba, akwai sauran ruwa a wurare, dabbobi ba su gama matsowa Gaji ba. Ga kuma hanci: idan iska na kaɗawa daga gare ku zuwa gare ta, ko numfashi ba ku yi ba ta san da ku. Shiru yana ƙara muku rabo ne kawai, ba ya ba da tabbaci.

Akwai kuma dalilin da jami'in bai faɗa muku ba, wataƙila don kada ya tsorata yara. Shi ma da kunne yake aiki. Ƙarar karyewar reshe mai kauri tana gaya masa giwa na cin itace a bayan kurmi. Tsakin carki yana nuna akwai ɓauna ko gwanki a kusa. Haushin mazo, mai kama da na kare, yana nufin ya ga wani abu. Da waɗannan yake yanke shawarar a tsaya, a wuce, ko a ja da baya. Sifikar ɗalibinka ta toshe kunnen mutumin da tsaron lafiyarku ke hannunsa.

Biran Wikki fa?

Hujjar yaran tana da ƙarfi a ido, amma ta ɗauki ɗan ƙaramin sashe ta yi wa daji duka hukunci. Gwaggon biri da gadun da ke kai-komo a masauki sun koyi cewa inda mutum yake akwai biredi da ragowar shinkafa, ribar ta fi musu tsoron. Su ne 'yan tsirarun da suka iya zama da mu, shi ya sa su kuke gani. Waɗanda ba su iya ba, ai ba sa nan balle a ƙirga su. Wani gwaji a jihar Idaho ta Amurka ya fito da wannan fili. Masu bincike sun jera lasifika a kan wani tudu da babu titi, suna kunna ƙarar motoci kwana huɗu, su kashe kwana huɗu, a lokacin ƙaurar tsuntsaye. Babu mota, babu hayaƙi, babu kwalta, ƙara ce zalla. Yawan tsuntsaye ya ragu da fiye da rubu'i a kwanakin ƙarar, wasu nau'o'in suka ƙaurace wa wurin kusan gaba ɗaya. Waɗanda suka daure suka zauna kuma an tarar ba su yi ƙiba yadda ya kamata ba, saboda lokacin da za su sunkuya su ci, sun ɓata shi wajen ɗaga kai suna dube-dube. Dabba na iya zama a wuri tana biyan kuɗin zaman da jikinta.

Injuna

Bayan murya, abin da ya fi damun kowane gandun daji mai masauki shi ne mota da janareta. Na mota gyaransa na hannun direba: tafiya a hankali, kada a wuce kilomita 30 a awa a hanyar zagaye, ba hon, ba taka totur a banza, kuma a kashe inji duk inda aka tsaya kallo idan jagora ya amince. Akwai wuraren da zai ce a bar shi a kunne, misali kusa da giwa mai ɗa, don a samu saurin janyewa. A nan maganarsa ce gaba. Salansar da ta fashe ko ƙarfen kujera mai ƙwaranniya a kan gargada sun fi injin kansa ƙara. Mota ɗaya mai mutum ashirin ta fi mota biyar masu mutum hurhuɗu sauƙi ga daji, domin abin da ke damun dabba har da yawan katse mata shiru. Irin wannan tunani na cikin abin da ya sa gandun Zion na Amurka ya hana ƙananan motoci shiga babban kwarinsa a lokacin cunkoso tun 2000, sai bas-bas na hukuma.

Janareta kuwa, ga abin da ke aiki bisa tsari. A fara da nisa da wuri: a ajiye shi ta ɓangaren da ya juya wa kogi ko mashaya baya, bakin salansa ma ya kalli can. A ɗora shi a kan roba mai kauri ko tsohuwar taya, don girgizarsa kada ta bi siminti. A gina masa katangar bulo wadda ta fi shi tsayi sosai, kusa da shi, yadda daga inda ake son karewa ba a hango injin. Irin wannan katanga tana rage desibel 5 zuwa 10. Bulon da aka cika da yashi ko aka yi wa filasta ya fi wanda aka bari da ramuka, domin nauyi ne ke tare sauti, kuma ƙaramar kafa tana zubar da shi kamar yadda tulu mai huji ke zubar da ruwa. Kuskuren da aka fi yi guda uku ne. Wasu su rufe injin ruf, ya rasa iska, ya yi zafi ya mutu, hayaƙinsa kuma ya zama guba ga mai shiga. Dole a bar mashigar iska da mafitarta, a yi musu lanƙwasa yadda sauti ba zai fita kai tsaye ba. Wasu su manna katifar soso a bango kusa da salansa, ita kuwa wuta take kamawa. Auduga ta dutse ko ta gilashi ake sawa. Wasu su kewaye shi da kwanon rufi, wanda ke karkarwa ya ƙara wa ƙarar amo. Layi ɗaya na itatuwa yana ɓoye inji daga ido ne kawai, sai kurmi mai kaurin mita 30 ko fiye kafin a ji bambanci na kirki. Mafi inganci shi ne sola da batir su ɗauki fitilu da fanka da dare, a bar janareta ga tsakar rana, lokacin da sauti ba ya nisa kuma dabbobi na kwance a inuwa.

Ɗan jirgin ɗaukar hoto da matasa ke tashi yanzu, kada ma a fito da shi daga jaka ba tare da izini ba. Giwa tana tsoron ƙudan zuma, an tabbatar da haka a Kenya, kuma zuzun jirgin na firgita ta har a Tanzaniya ana amfani da shi wajen korar giwaye daga gonaki. Abin da ake kora da shi ba zai zama abin kallo ba.

Ta fuskar doka, Najeriya tana da ƙa'idojin ƙara na 2009 a ƙarƙashin NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli ta ƙasa, waɗanda suka tsara iyakar dare da ta rana gwargwadon irin wuri. A gandayen dajin tarayya na Amurka an hana kunna na'urar da ƙararta ta wuce desibel 60 a tazarar ƙafa 50, wato kimanin mita 15. Su ma ba su tsira ba: nazarin da aka buga a 2017 ya gano ƙarar ɗan Adam ta ninka sautin asali sau biyu a kashi 63 cikin 100 na keɓaɓɓun wurarensu, ta ninka shi sau goma a kashi 21. Abin da ya fi ba ni sha'awa a ƙoƙarinsu shi ne mafi arha. A dajin Muir Woods na Kalifoniya alluna kawai aka kafa ana roƙon baƙi su sassauta murya su kashe ƙarar waya, sai sautin wurin ya sauka da kusan desibel 3. Ka koma lissafinmu na sama: filin da kunne ke ji ya ninka ke nan, da kuɗin katako da fenti.

Idan za ku koma

Ka zaɓi tsakanin Fabrairu da Afrilu, duk da zafin, kuma ka nemi zagayen sassafe, ku kwana a can idan hali ya yi. Ka raba yara gida biyu idan akwai mota. Mutum 28 ba sa iya shiru, 14 suna iyawa. Tun a makaranta a yi yarjejeniya: waƙa a bas daga Gombe har Dindima har ƙofar Mainamaji, daga nan sifika ta shiga jakar malami, wayoyi su koma shiru. A koya musu alamun hannu uku ko huɗu, na "tsaya", na "duba dama", na "duba hagu", domin yawancin ihun da ke korar dabba ihun murna ne na wanda ya fara hango ta. Ledar biskit da gorar roba da ake murzawa su ma suna da kaifin ƙara, a ci a gama kafin a hau mota.

Sannan ka mayar da shirun ya zama aiki, don yaro ba ya yin shiru a banza. Kowane ɗalibi ya ja layi 30 a takarda. Mutum ɗaya ya riƙe agogo, yana ɗaga hannu duk bayan daƙiƙa 20, minti 10 ke nan. A kowane layi yaro ya rubuta harafin abin da ya ji: D idan dabba ce ko tsuntsu ko ƙwaro, I idan iska ce ko ruwa, M idan mutum ne ko inji. Layi ɗaya na iya ɗaukar haruffa biyu ko uku. A ƙarshe a ƙirga layukan da M ya fito a raba da 30, a kuma duba layuka nawa ne mafi tsawo a jere da babu M. Waɗannan awo biyu, yawan lokacin da ake jin ƙarar mutum da tsawon shirun da ba a katse ba, su ne irin waɗanda ma'aikatan gandayen daji ke amfani da su, sai dai su da na'urar ɗaukar sauti suke yi ta kwana da kwanaki. A yi a wuri uku: wajen ajiye motoci da rana, bakin maɓuɓɓugar ruwan Wikki bayan sallar asuba kafin masu wanka su sauko, da kuma cikin daji a mota bayan an kashe inji. A na ukun a jira minti uku zuwa biyar kafin a fara ƙirga, domin daji yana ɗauke numfashi idan mota ta tsaya, sai a hankali kurciya ta fara, cilakowa ta biyo. Kowa ya zauna a mota sai jagora ya ce a sauka.

Idan kana son lambobi, akwai manhajojin auna ƙara a waya, amma ka san iyakarsu. Makirfon waya don murya aka yi shi: ba ya karanta shirun da ya sauka ƙasa da wajen 30 daidai, yana raina sauti mai kauri, kuma waya biyu na iya bambanta da desibel da yawa a wuri ɗaya. Don haka waya ɗaya za a yi amfani da ita a duk wuraren, a riƙe ta a tsayin ƙirji nesa da jiki, a sa mata safa a baki saboda iska, a ɗauki matsakaicin minti ɗaya maimakon lamba mafi girma. Lambar kwatanci ce tsakanin wuri da wuri, ba hujjar kai ƙara ba. Kuma waya ba ta san bambancin kwaɗo da inji ba. Daren damina a bakin fadama, kwaɗi da gyare na iya tayar da awon ya wuce na hirar mutane, alhali ko ɗigon gurɓata babu. Dabbobin wurin sun daɗe da raba layi a tsakaninsu, wannan mai kauri, wancan siriri, wannan da magariba, wancan da asuba. Inji ne baƙon da ke shigowa ya hau kan layin kowa. Shi ya sa takardar yaran ta fi wayar faɗin gaskiya.

Kafin ku tafi ka sa su saurari kukan tsuntsaye biyar ko shida a intanet, a aji, don kunne ya san abin da yake nema: kurciya, cilakowa, makwarwa, zabon daji, mujiya, da burtu. Amma kada a kunna waɗannan a cikin daji don a jawo tsuntsu, yana barin sheƙa ko abinci ya zo faɗa da abokin gaba da babu shi. Burtu ne zai fi burge su. Yawancinsu sun san shi ne a labarin maharban da ke ɗaura kansa a goshi su yi rarrafe, ba su taɓa jin muryarsa ba. Da sanyin safiya yake yin ta, wani gudum-gudum mai zurfi kamar ana buga tulu a nesa, kuma sau da yawa wanda bai sani ba yakan ɗauka zaki ne. Ka gaya wa jagoranku tun a masauki cewa kuna son tsayawa minti goma inji a kashe, ya zaɓa muku wurin da ya ga ya dace, ka kuma sa direba a cikin masu riƙe takarda, don shi ne yakan fara ƙosawa ya murza makulli.